Idon Akwatin Badaru

Ayarin gishiri na madugu Attaher ya yi kwana arba'in a hanya kafin ya sauka Dakoro, a shekarar 1952. Madugu ya ba mutanensa yini guda na hutu. Aka dabaibaye raƙuma, kowa ya shiga gari kallo. Wasu suka tsaya wajen kokawa, wasu suka kewaye motar kumandan, Baturen mulkin garin, suna shafa ta kamar taguwa.

Amma abin da ya tafi da hankalinsu shi ne akwatin kallon hotuna na Badaru, wani mutumin Maraɗi. Ka kafa ido a wani ɗan gilashi, sai ga teku, sai ga jirgi, sai ga Makka. Mutanen rairayi suka yini suna tashi daga gabansa shiru, kamar masu farkawa daga barci.

Da la'asar Badaru ya faɗo ofishin 'yan sanda, gaban Ansipekta Samba.

"Mushe Samba, sun kashe ni! Na tahi salla, sun ƙwaƙule idon akwatin!"

Samba mutum ne mai sanyin jiki, har ka ɗauka gyangyaɗi yake. Ya je ya duba. Hotunan suna nan cif, gilashin kaɗai aka cire. A gurbinsa an cusa dabino guda bakwai.

"Ɓarawon gari ba ya barin tukuici," in ji Samba. Ya san al'adar 'yan ayari: wanda larura ta sa ya taɓa ajiyar wani a jeji, yakan bar wani abu a madadi.

Ya hana ayari tashi, ya kira Mutari, mataimakin madugu.

"Wa ya fi daɗewa wajen akwatin?"

"Ban lura ba, ranka shi daɗe."

Uwale mai fura da ke gefe ta yi tsaki. "Kai Mutari, ji tsoron Allah. Tsohon naku sau biyar ya leƙa. Na ƙarshen ma an cire hoto, sai ya zura hannu ciki yana kallon tahin hannunai, yana murmushi."

Mutari ya sunkuyar da kai.

Samba ya iske madugu zaune a gindin aduwa, iska na kaɗa bakin rawaninsa. Ya yi sallama, sannan ya matsa gefe a hankali. Tsoho ya amsa, ya miƙa hannu inda babu kowa.

"Baba, ka shiga gari yau?"

"Ina nan wajen dabbobi tun hantsi."

"To taguwar can da ke kusa da rijiya, shaidar wane gida ce a wuyanta?"

Madugu ya daɗe yana duban wajen. "Ta gidan Rhissa ce."

"Baba, babu taguwa a can. Jaki ne."

Can tsohon ya kwance bakin rawani, ya fito da gilashin.

"Shekara ukku ke nan duniya ta zame mini hazo," in ji shi. "Da ƙamshin ƙasa nike ja da su, da idon Mutari. Shi kaɗai ya sani. Yau na sa ido cikin abin ga, na ga zanen hannuna ɗaya-ɗaya. Sai na ce, da wanga zan iya karanta sawu da launin rairayi, ko tahiya guda ce in ƙara. In na roƙa a saida mini, kowa zai gane."

Tausayi ya kama Samba ƙwarai, amma mutum sittin ne ke bin wannan tsoho cikin hamada.

"Sai mun je gaban kumandan, baba."

"Na sani. Bar ni in duba sau guda."

Samba bai hana ba. Madugu ya lallaba wajen tsohuwar taguwarsa, ya kara gilashi a idonsa, ya daɗe yana kallon gashin idonta. Sannan ya miƙa wa Samba gilashin, ya kwance akalar gaba, ya danƙa wa Mutari a gaban jama'a.

Wani gardi, ɗan sandan kumandan, ya zo da igiya, Samba ya girgiza kai. Ya ɗauki hannun tsohon ya ɗora a kafaɗarsa.

"Taka a hankali, ɗana," in ji madugu. "Ban taɓa bin bayan kowa ba."