Kashin Raƙumi a Rijiyar Ƙaya

A zamanin wani Mai, wato sarki, na Ngazargamu, wanda sunansa ya kuɓuce mini, aka yi wannan al'amari, cikin tsakiyar bazara. Kakata Falmata ta sha faɗin sunan. Jiya da na ga an wuce da raƙuma ta unguwar Moduganari sai labarin ya dawo mini, amma bai dawo da sunan ba.

Da aka naɗa Mai, ƙanensa Ciroma Kashim ya ƙi mubaya'a, ya gudu arewa kan raƙuma. Mai ya kira barden dawakinsa, Kacalla Ba'ana, ya ce: "Ka kawo shi, ko ka kawo rawaninka."

Kwana shida suna bin sawu, ko bakwai, har Rijiyar Ƙaya, wadda ta ƙafe. Ruwan yini guda ya rage a salkunansu. Iska ta share sawu, sai kashin raƙuma birjik. Kacalla ya murtsuke guda, ya watse kamar gari.

"Sun ba mu ratar kwana huɗu," in ji shi. "Mu juya."

Jagoransu, wani tsohon makiyayi mai suna Nuraddeen, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ka auna raƙumi da mudun doki. Raƙumi mai ƙishi ba ya zubar da ruwa. Jikinsa zai ɗau zafi ya ƙi yin gumi, fitsarinsa ya yi kauri, hancinsa ma yana kame laimar numfashi. Kashinsa kuwa a bushe yake faɗowa, nan take ka hura wuta da shi. Suna kusa."

"Baba, shekara talatin ina yaƙi, yau da kashi za ka karantar da ni?"

"Shi ne littafin da na sauke, ranka ya daɗe."

Barade suka yi dariya. Kacalla ya dubi dawakinsa suna haki, ya juya.

Ashe Ciroma na bayan tudun yashi, raƙumansa a gurfane, yana jin haniniya. Shekara na zagayowa ya komo da runduna ya ci gadon sarauta. Bai kashe Kacalla ba. Tuɓe shi ya yi, ya tura shi kiwon raƙuma har ƙarshen ransa.

Ni ban ga wautar Kacalla ba sosai. Ya ji tausayin dawakinsa, ya kuma yi hukunci da abin da ya sani. Sai dai mai mulki yakan ɗauka iyakar saninsa ce iyakar duniya, alhali ƙaddara tana gurfane bayan tudu. Allah shi ne masani.