Fangalin Auta

A bayan ajin su Auta akwai lambun makaranta. An raba shi fangali-fangali, wato ƙananan filaye masu ɗan tudun ƙasa a gefe don tare ruwa. Fangalan kaɗan ne, masu so kuwa da yawa. Shi ya sa Malamin Lambu ya kafa doka. Ranar duba lambu, duk wanda aka tarar babu shuka mai ganye a fangalinsa, za a karɓe a ba wani.

Auta tumatir ta shuka. Yarinya ce mai ƙoƙari, wannan ba a musu. Kullum ita ce ta farko wajen ban ruwa. Matsalarta ɗaya ce: ba ta iya jira ba, kuma bakinta ba ya hutawa.

"Dogo, wannan barkono ne ko ciyawa?" in ji ta wata rana, tana leƙa fangalin abokinta. "Kai ka yi tsawo, shukarka ta ƙi."

Dogo ya yi dariya. "Bar ta, a hankali take tafiya."

"Ni tawa da gudu za ta tafi. Ku zuba ido ku gani."

Mai Tabarau, ƙawarta da suke zama benci ɗaya, ta girgiza kai kawai. Ta san halin Auta.

Maƙwabcin su Auta yana kiwon kaji. Auta ta taɓa jin cewa kashin kaji taki ne mai ƙarfi. Sai ta ɗauki tsohon bokiti ta nufi gidansa.

"Baba mai kaji, don Allah a taimaka mini da taki."

"Ɗebi, 'yata," in ji shi. "Amma wannan ɗanye ne. Ki ajiye shi ya bushe, ya huce sosai tukuna. In kika zuba shi haka, zai ƙone shuka."

"To, Baba," in ji Auta.

To ɗin nan a baki kawai ta tsaya. Washegari da sassafe ta juye bokitin kaf a gindin tumatirinta. Har da danna shi da hannu, wai don ya shiga da kyau.

Ba a daɗe ba ganyen ya fara rawaya. Daga nan bakinsa ya ƙone, ya nannaɗe. Auta ta yi ta kwarara ruwa, amma ina. Kafin mako ya ƙare, tumatirin duk ya kwanta.

Ta koma gida idanunta jawur. Ko abinci ta kasa ci.

"Auta, lafiya?" Mama ta tambaye ta.

Auta ta faɗa mata komai, tana shessheƙa.

"Mai kaji bai gargaɗe ki ba?"

"Ya gargaɗe ni, Mama. Ni ce ban ji ba."

"To, gobe ki je ki gaya wa Malam haka, yadda kika gaya mini. Kada ki ɗora wa rana, kada ki ɗora wa tsutsa."

Da gari ya waye, Auta ta sami Malamin Lambu yana gyara shinge. Ta gaishe shi, ta faɗi gaskiya.

Malam ya je ya duba. Ya ɗebi ƙasar ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Na ji daɗi da ba ki yi ƙarya ba," in ji shi. "Amma doka tana nan. Mako mai zuwa za a duba lambu. Ko yau kika zuba sabon iri, ba zai yi ganye ba kafin ranar. Ki kwashe wannan ƙasar dai, don wanda zai karɓa ya sami wuri mai kyau."

Wannan magana ta yi wa Auta zafi. Tana son fangalin nan ƙwarai. Amma ta ɗauki fartanya ta fara aiki. Ta kwashe ƙasar da ta lalace, ta ɗebo sabuwa daga bayan shinge. Ba ta nemi taimakon kowa ba. Da wane baki za ta nema, bayan duk tsokanar da ta yi wa abokanta?

Ranar Litinin ta shiga lambu kanta a ƙasa. Da ta iso fangalinta sai ta tsaya cak. Ta duba hagu, ta duba dama, ko ta yi ɓatan kai ne. A'a, nata ne. Ga shuke-shuke a jere, kore shar, ƙasarsu a jiƙe.

Dogo ya fito daga bayan tankin ruwa, gwiwoyinsa duk laka. Mai Tabarau tana biye da shi, sai sauran 'yan aji.

"Barkonon nan nawa ne," in ji Dogo. "Wanda kika ce ciyawa ne."

"Kabejin nawa ne," in ji Mai Tabarau. "'Yan biyun ajinmu suka kawo albasa. Kowa ya ciro daga nasa. Da ƙasar gindinsu muka ɗauko su, don kada saiwar ta ji ciwo."

"Malam fa?" Auta ta tambaya.

"Sai da muka tambaye shi. Ya ce dashe ba laifi ba ne, in dai mai fangalin za ta kula da shi."

Auta ta durƙusa ta shafa ganyen. Sannan ta ce, "Ku yafe mini. Me zan yi muku in rama?"

"Ba bashi muka ba ki ba," in ji Dogo. "Ki dai bar kajin mutane su huta."

Kowa ya kwashe da dariya, har da Auta.

Daga ranar ta riƙe shukar nan da kyau. Ta kafa mata 'yar inuwa da kwali. Tana ba ta ruwa daidai, ba ƙari. Dashen ya kama, ganye ya miƙe. In ta tsaya a kansa, sai ta ji zuciyarta ta cika da alfahari da abokanta.

Ana gobe za a duba lambu, sai bututun famfo ya fashe. Ruwa ya yi ta ambaliya tun kafin a buɗe makaranta. Fangali ɗaya ne a kusa da famfon, na wata baƙuwar yarinya da ta shigo ajin kwanan nan. Ruwan ya tafi da shukarta gaba ɗaya.

Auta ta same ta tsugune a cikin laka, tana tono da yatsa. Ba ta kuka da ƙarfi, hawaye ne kawai ke zuba. Ba ta da ƙawa ko ɗaya da za ta kira.

Auta ta san wannan zafin. Ta juya ta kalli fangalinta. Shukar ba ta da yawa. In ta raba, nata zai zama fayau, kuma wataƙila Malam ya ce bai isa ba. Duk da haka ta je ta ɗauko fartanya.

"Tashi mu gyara tudun nan," ta ce wa baƙuwar. "Sai mu ɗebo busasshiyar ƙasa."

Da suka gama, Auta ta koma fangalinta. Ta zaɓi shuke-shuken da suka fi ƙarfi, don su ne za su jure wani dashen. Ta ciro su a hankali da ƙasar gindinsu.

"Naki fa?" baƙuwar ta tambaya. "Zai ragu."

"Ni ma ba ni aka yi," in ji Auta. "Riƙe nan, kada ki matse saiwar."

Ranar dubawa ta zo. Malam yana tafe, 'yan aji suna biye. Malam ya tsaya a fangalinta, ya ga ramukan da aka cike.

"Auta, ina sauran shukar da aka ba ki?"

Kafin ta buɗe baki, baƙuwar ta ɗaga hannu. "Suna wurina, Malam. Ruwa ya cinye nawa, ita ta raba nata da ni."

Malam ya je ya duba. Dashen ya ɗan sunkuya, amma yana da rai. Ya dawo ya dubi Auta, ya yi murmushi.

"Ku biyun duka kun riƙe fangalinku," in ji shi. "Na daɗe ina koyar da lambu, ban taɓa alfahari da aji kamar wannan ba."

'Yan aji suka tafa. Dogo ya fi kowa ƙarfin tafi, wai ai barkononsa ne ya zaga lambu.

Da Auta ta koma gida, tun daga ƙofa ta fara ba da labari. Mama ta saurara har ƙarshe, ta jawo ta jikinta.

"To, me kika koya?"

"Abu biyu, Mama. In babba ya ce a jira, a jira. In kuma aka taimake ni, kada in riƙe alherin ni kaɗai. In nemi wani mai bukata, in miƙa masa."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Mama. "Yanzu je ki wanke hannun nan, ki zo ki ci abinci."