Takardar da Aka Naɗe Ƙusoshi

Ƙarfe tara na safe, ruwa ya ɗauke ke nan, wata malamar asibiti ta shigo ofishin Sufeton 'yan sanda, mijinta na biye, fuska a ɗaure.

"Ranka ya daɗe, kwana huɗu wani kafinta na damuna a waya," in ji ta. "Ya san gidana, ya san shekaruna. Maigidana ya ce in ba ni na ba shi lamba ba, in nuna wanda ya ba shi, ko in tattara kayana."

Sufeto ba mai son magana biyu ba ne. Ya sa aka kawo kafinta, wanda ya rantse kuskuren lamba ne. Da aka zazzage jakarsa, sai ga ƙusoshi ƙunshe cikin takardar da matafiya ke cikewa a kan iyaka: hoton malamar, lambar wayarta, adireshinta, har dangwalen yatsanta.

"A shago aka naɗe min," in ji kafintan, murya ƙasa-ƙasa.

Mai shago ya ce buhu-buhu wani dattijo ke kawo masa takardun.

A ofishin kan iyaka, shugabar ma'aikata ta ce, "Da mun shigar da takardun a kwamfuta, mai sito ke ƙonawa a duron bayan gini."

Mai sito, wani dattijo, ya gyara hula. "Shekaranjiya ma na ƙona, yallaɓai. Hayaƙi har tari ya sa ni."

Sufeto ya zagaya ya leƙa duron, ya dawo bai gaggauta ba.

"Baba, kazar da ke kwanci a ciki, ita ma ta yi tarin? Har ta fara ƙyanƙyasa."

A caji ofis, gaban malama da mijinta, dattijon ya amsa laifinsa. "Na ga asara ce a ƙone takarda mai kyau. Ban zaci wani zai karanta ba."

Sufeto ya dubi mijin. "Ka ji da kunnenka?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Malama ta miƙe, ta gyara mayafi, wannan karon ita ce a gaba.

"Kofur, a fito da mota," in ji Sufeto. "Da sunan doka aka karɓi sirrin mutane. Shago-shago za mu bi, ko takarda ɗaya ba za mu bari ba."

Aka sa wa dattijon ankwa. A bakin ƙofa takalminsa ya sulluɓe. Sufeto ya sunkuya ya ajiye masa a gaban ƙafa. Dattijon ya zura, aka wuce da shi.