Jikan Buzun da Ya Ƙi Tashi

Ranar kasuwar Maigatari Mansura ta fara ganinsa. Tana bakin aiki a ɗakin shan magani, sai ga wani dogon saurayi riƙe da wani tsoho da raƙumi ya taka. Bai san tsohon ba, amma bai tafi ba sai da aka ɗaure ƙafar. Sunansa Siddiq, malamin firamare ne a Sule Tankarkar. Ta ba shi lambarta don ya sanar da ita jikin tsohon.

Da yamma saƙo ya shigo: "Malama Mansura, tsoho ya isa gida lafiya. Ni ne ban isa ba, hankalina na wajenki."

Kafin damina ta fita, shi yana ce mata Sanyin Idona, ita tana ce masa Malamina.

Shekarar da aka rufe iyakar Nijar Siddiq ya turo magabatansa. Abdurra'uf, ɗan ƙanwar mahaifinta, wanda ya daɗe yana sonta, ya riga su zuwa. Ya ce Siddiq Buzu ne, ba ɗan ƙasa ba, har mata gare shi a Magarya, can cikin Nijar.

Mahaifinta, wanda suke kira Baffa, ya zaunar da ita. "Ba ƙin yaron nake ba, Mansura. Amma ran da aka ce baƙi su koma ƙasarsu, ina za ki bi shi?"

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Siddiq: "Da gaske kana da iyali a Magarya? Wai ina ne garinku?"

Amsa ta shigo: "Ba ni da kowa sai ke, Sanyin Idona. A nan aka haife ni, a nan aka haifi babana. Tun ina yaro ake yi mini tambayar nan. Ban zaci zan ji ta daga bakinki ba."

Daga nan bai ƙara turo mata saƙo ba. Mansura ta yi kuka har ta gaji, sannan ta je ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baffa, kada ka ɗauki maganata, kada ka ɗauki ta Yaya Abdurra'uf. Don Allah ka je ka gani da idonka."

Ya hau babur ya tafi gidan su Siddiq. Bayan la'asar ya dawo jikinsa a sanyaye, ya sa aka kira ta.

Ya ce ya samu kakar Siddiq, Hajiya Ummulkhair, ta ba shi labari. Lokacin da Turawa za su miƙa mulki, Ingila a nan, Faransa a can, magana ta bazu cewa duk wanda ba a haifi iyayensa a wannan ɓangaren ba, ba shi da zama. Buzayen zangonsu suka ɗaure kaya a raƙuma suka yi arewa. Mijinta ya ƙi tashi, domin ya haƙa rijiya, ya kuma binne mahaifiyarsa a wurin. Bai ƙara ganin 'yan'uwansa ba. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya taɓa ce masa kai namu ne, har ya rasu.

"Na sha ruwan rijiyar, an nuna mini kabarin," in ji Baffa. "Ni mahaifina sai bayan haka ya taso daga Gagarawa, amma ba a taɓa tambayata garinmu ba. Ki gaya wa Siddiq magabatansa su dawo."

Ta rubuta: "Malamina, ka yafe mini. Baffa ya ce ku dawo."

"Ban iya fushi da ke ba. Kunya ce kawai ta hana ni magana."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da aka kai amarya, sai da aka fara shigar da ita wajen Hajiya Ummulkhair. Tsohuwar ba ta gani sosai, don haka ta shafa fuskar Mansura da tafukanta biyu. Ta yi doguwar addu'a da Buzanci, yaren da duk ɗakin ba mai jin sa sai ita, sannan ta juya Hausa.

"Allah Ya yi muku albarka, jikata. Allah Ya ba ku zuri'a, Ya zaunar da su wuri ɗaya."

Mansura ta amsa da amin, hawayenta na sauka a hannun tsohuwar.