Ɗaki na Shida a Barga

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da matar marigayi ta tsaya a ƙofar barga, tana kallon mai horon dawaki yana jan dokinsa zuwa ɗakin ƙarshe. Wata bakwai ke nan da mijinta ya rasu, ya bar mata barga mai ɗaki shida da 'ya guda ɗaya. Da safe suka yi cinikin haya. Ta lissafa masa ruwa da shara da gyaran rufi a kan kowane ɗaki, abinci kuwa nasa ne. Mutumin ya iya ciniki kamar ya haɗiyi kasuwa.

"Hajiya, dawakina shida. Ki rage mini a kan kowanne, in kama duka."

Ta sallama. Marigayi dai bai taɓa ɗaure dabba a ɗakin ƙarshe ba. Shekara goma sha tara yana share shi, yana zuba ruwa a kwatarniya, in an tambaye shi ya ce ɗaki biyar gare shi. Sun sha faɗa a kan haka, ita tana ganin ɓarna ce. Amma mai tukunya a kan wuta ba ya barin ɗaki a banza.

Dokin ya turje a bakin ƙofa, sai da aka tura shi. Yana shiga, dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani ya biyo, sannan wani, a hankali, kamar ana ƙirgawa. Shida suka faɗo, gidan ya yi tsit.

Kwana uku ana haka. A na huɗu ta iske 'yarta a zaune a tsakar gida, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa, tana magana da muryar tsoho. Ta daina ci, ta daina amsa kira. Uwar ta tsorata irin tsoron da ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar mijinta, domin yarinyar nan ita ce abin da ya rage mata.

Ƙanin marigayi ya ɗauko wani malami, dattijo mara son hayaniya. Ya zauna gaban yarinyar ya yi ta karatu har jikinta ya ɗauki rawa.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Mai ɗaki na shida."

"Nawa kake biya?"

"Ba na biya. Marigayi ya tsince ni a nan cikin ruwan sama, ba ni da wurin zuwa. Na ce ya yanka mini kuɗi, ya ce baƙo ba ya biyan haya. Matarsa kuwa ta yi wa makwancina farashi, har da ragi."

Uwar ta rufe fuska da mayafi. Kunya ta kama ta, da baƙin cikin kalaman da ta yaɓa wa mijinta a kan ɗakin.

"Ta yi ne cikin rashin sani," in ji malam. "Yarinya ba ɗakin haya ba ce. Fita."

"A fitar da dokin, in koma."

"Za a fitar," uwar ta ce da sauri. "Yanzu ma!"

Malam ya girgiza kai. "A'a. Wanda ya san hanyar shiga jikin mutum ba ya zama maƙwabci. Ka bar gidan."

Sannan muryar ta ce, ƙasa-ƙasa, "A bar ni in sha ruwan kwatarniyar sau ɗaya." Malam ya yarda, aka ɗebo aka kai bakin yarinyar. Ta sha, ta yi atishawa uku, ta sulale a jikin uwarta. Can cikin barga, dawakai suka yi haniniya gaba ɗaya, suka yi shiru.

Da ta farfaɗo, uwar ta rungume ta tana hamdala. Yarinyar ta dubi barga ta daɗe.

"Ya tafi, Mama?"

"Ya tafi, 'yata. Ba zai ƙara taɓa ki ba."

Sai hawaye suka zubo wa yarinyar. "Tun da Baba ya rasu nake zama a ƙofar ɗakin kullum da yamma. Shi kaɗai ke ba ni labarin Baba. Ke ko sunansa ba kya iya faɗa."

Uwar ta buɗe baki don ta faɗa, kuka ya riga ta.