Kaset Ɗin Faransa

Da la'asar Zulai'atu ta fara leƙa gidan kallon Auwal a bakin kasuwar Yelwa, shekara biyu da ƙirƙiro Jihar Kebbi. Malamar Faransanci ce, kuma ta ji yana da wani tsohon fim na Faransa, baƙi da fari, da ya sayo a Yamai.

"Labarin ɓarayi ne," in ji Auwal. "Wanda ya shirya shi ya ƙi sa kiɗa, ya fito da kyamara kan titi. Ba na jin yaren, amma na kalle shi sau goma."

"To mi kake gani?"

"Tsoro a idonsu."

Ta yi murmushi. Daga nan kullum Asabar tana fassara masa, yana ce mata Malamata.

Kwatsam aka fasa shagon mahaifinta, Alhaji Illo, aka kwashe injinan jirgin ruwa huɗu. Basiru, ɗan abokin Alhaji da ya daɗe yana neman aurenta, ya bi kasuwa yana cewa fim ɗin Auwal ne ya koya wa samari sata. 'Yan sanda suka tafi da Auwal.

"In na sake jin sunanshi a bakinki, ba ni ba ke," in ji Alhaji.

Innarta ce ta miƙo mata wasiƙar Auwal a ɓoye: "Malamata, wallahi hannuna tsaf yake. Kada ki saɓa wa Baba saboda ni."

Kwana uku ta kasa cin abinci. A na huɗu ta aro bidiyo da kaset ɗin fim ɗin, ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka kalla kafin ka yanke hukunci."

Ya dube ta, sannan ya zauna. Tana fassarawa, yana kallo. Ɓarayin fim ɗin suka ci amanar juna, babu wanda ya tsira. Alhaji ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Wannan ai gargaɗi ne."

Da kansa ya je ya karɓi belin Auwal. Bayan mako biyu aka kama ɓarayin shagon a garin Wara, baƙi ne da ba su taɓa shiga gidan kallon ba.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aurenta da Auwal. Alhaji ya riƙe hannun Auwal a gaban jama'a.

"Na zalunce ka, ɗana. Ga Zulai nan, Allah ya yi muku albarka."

Auwal ya sunkuyar da kai. Jama'a ne suka amsa masa amin.