Faranti Arba'in a Rana

"Duba nan, masoyi!" Ta turo min littafinta a kan teburin sabon gidan abincinta, idanunta na ƙyalli. "Faranti arba'in a rana muka sayar a satin gwaji. Na ninka da kwanakin shekara, na cire ranakun hutu. Kafin shekara ta zagayo mun mayar wa Baba kuɗinsa!"

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Saura wata biyu bikinmu. Babanta kuwa direba ne, kuma yau zai sayar da motarsa, wadda da ita yake ciyar da gida, don ta kama shagon gefe ta ƙara tebura. Duk saboda wannan lissafin.

Ni na san inda arba'in ɗin ta fito. Ranar farko na leƙo na same ta ita kaɗai, tana goge teburin da ba wanda ya ɓata. Zuciyata ta kasa ɗauka. Sai na riƙa zagayawa a wurin aikinmu ina ba mutane kuɗi su je su ci, har mai gadi. Wai ni gwanin soyayya.

Muna cikin haka Baba ya yi sallama, takardun mota a hannunsa.

"Baba... don Allah kada ka sayar."

"Lafiya, ɗana?"

Na durƙusa, kaina a ƙasa, na faɗi komai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Nawa ne na gaskiya?" ta tambaya.

"Sha huɗu..."

"Sha huɗu! Kana kallona ina murna, ina kiran ƙawayena? Kai ma ka ɗauka ba zan iya ba kenan!"

"Wallahi hawayenki ne ba na son gani."

"To ga su, ka gani!"

Baba ya dubi takardun motar. Can ya ninke su ya sa a aljihu.

"Uwata, sha huɗun nan suna dawowa?"

Ta share ido da bakin mayafi. "Kullum, Baba. Na san fuskokinsu."

Ta yage shafin, ta rubuta sha huɗu a sabo. Ba ta kalle ni ba ta turo min kalkuleta.

"Tashi ka ninka min. Kuma in ka ƙara ko faranti ɗaya, ka nemi wata amaryar."

Na tashi na fara dannawa.